Daga Kano zuwa Wuhan: ashe su ma aikin gwamnati suke nema

Tafiyar nan asalinta ta sayayya ce. Fitilun sola da 'yan ƙananan batura nake kawowa Kano, kuma duk shekarun nan ta hannun ejan nake yin oda, sai a watan Nuwamban 2024 na ce bari dai in je da ƙafata in ga masana'antar da idona. Hajiya na jin haka ta ce ai ba zancen in shiga Caina in fito ban je na ga ƙanena ba, wanda ke karatun mastas ɗin injiniya a Wuhan. Wata gwaggonmu da ke zaune ta dafe ƙirji ta ce Wuhan ɗin korona? Aka yi ta dariya. Nan da nan aka haɗo ƙullin yaji da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kilishi kam shi yaron da kansa ya bugo waya ya ce Yaya kar ka soma, ba a shiga da nama, ƙwacewa za su yi.

Maganar biza a Abuja ba wani abin ba da labari, layi ne da takardu da ɗaukar hoton yatsu. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi a jirgin Ethiopian zuwa Addis Ababa, muka yi 'yan awanni muna jira, sannan aka ɗauki doguwar hanya, wajen awa 10 a sama kafin Guangzhou. Rabin jirgin 'yan kasuwa ne, Hausa da Ibo da Faransanci duk kana ji, wasu 'yan Maraɗi biyu da ke kusa da ni su ma atamfa da shadda za su saro. A wajen shiga aka sake ɗaukar yatsu da hoton fuska, jami'in ya tambayi masauki da ranar komawa ya buga hatimi. Kwastan ne suka tsayar da jakata. Wata jami'a ta buɗe ledar daddawa, ta kai hanci sau ɗaya ta ja da baya, ta kira abokin aikinta shi ma ya sansana, ni kuma ina ta kwatance da hannu cewa miya ake yi da ita. Daga ƙarshe suka ɗaure ledar da sauri suka yi min alamar in wuce, ina ga warin ne ya cece ni ba bayanina ba.

Unguwar Xiaobei na sauka inda baƙaƙen fata ke taruwa. Otal na farko da na shiga suka ce ba sa karɓar baƙi 'yan waje, na biyu ya karɓe ni a kan yuan 220 kwana ɗaya, a lokacin yuan ɗaya ya haura naira 200, sai ka lissafa. Suka ɗauki hoton fasfo domin doka ce a yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, otal ne ke yi maka. WhatsApp da Facebook da Google duk ba sa aiki sai da dabara, komai a manhajar WeChat ake yi, har mai sayar da lemo a bakin titi waya yake miƙo maka ka haska lamba, in ka ba shi tsabar kuɗi sai ya tsaya neman canji yana ƙunƙuni. Abinci kuwa shagunan taliyar Lanzhou ne suka rufa min asiri, Musulmi ne ke da su, kwano ɗaya da romon naman sa yuan 16, a gabanka yaro zai ja ƙullin fulawa da hannu ya zama taliya. Juma'a na yi ta a masallacin da ke kusa da kabarin da mutanen wurin ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, cika maƙil, Larabawa da 'yan Pakistan da mu da su 'yan ƙasa masu farar hula.

Ejan ɗina ya haɗa ni da wata yarinya mai tafinta, yuan 400 a wuni. Ɗalibar ajin ƙarshe ce, Turanci da cinikayyar ƙasa da ƙasa take karanta. Da ita muka je Guzhen da ke yankin Zhongshan, garin da kusan ba a sana'ar komai sai fitila, titi bayan titi shagunan fitilu ne. To a mota ne na lura duk lokacin da muka yi shiru sai ta zaro wani ƙaton littafi daga jaka tana ja masa layi da biro. Na ce jarrabawar makaranta ce? Ta ce a'a, ta shiga aikin gwamnati ce, saura 'yan makonni. Gaskiya abin ya ɗaure min kai, domin ni 'yan Cainan da na sani su ne na Kantin Kwari da masu kamfanonin roba da takalma, mutanen da ko barci ba sa yi saboda neman kuɗi, na ɗauka duk yaron da ya tashi a can burinsa ya buɗe masana'anta. Ga yarinya da Turanci a baki, a garin da duniya ke zuwa saye, amma ita ofishin haraji na ƙaramar hukumarsu take mafarki. Ta ce da can masu irin karatunta koyarwa suke shiga a kamfanonin darasin bayan makaranta, albashi mai kyau, sai a 2021 gwamnati ta taka wa harkar birki, kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata. Tafinta kuma, ta nuna min wayata, ta ce ai kai ma jiya da wannan ka yi ciniki. Iyayenta ɗan shago gare su, sun sha wuya shekarun korona, kuma ita kaɗai suka haifa, kullum maganarsu ta samu aikin da ba a kora.

Mai masana'antar da muka je wurinsa shi kuma kukansa daban. Ya zagaya da mu, na ga yawancin masu haɗa fitilun dattawa ne, mata masu shekara 40 zuwa 50 sun sunkuya suna liƙa waya. Ya ce yaran yanzu ba mai son tsayuwa a layin haɗa kaya, wanda ya yi digiri gani yake ƙasƙanci ne, wanda bai yi ba gara ya hau babur yana kai saƙon abinci ko ya zauna gaban waya yana tallan kaya kai tsaye a intanet. Na tambaye shi nasa ɗan fa? Ya yi dariya ya ce yana jami'a, kuma ba ya fata ya gaje shi. Muka gama ciniki na biya kafin alƙalami, sauran kwanakin Guangzhou yawon kasuwa ne da lissafi.

Jirgin ƙasa mai gudu na hau zuwa Wuhan daga tashar kudu ta Guangzhou, tikiti yuan 460 da 'yan kai. Ba takarda, fasfonka shi ne tikitinka, kuma sai an haska jakarka kamar filin jirgin sama, kai ko jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari sai an haska kaya. Tafiyar kusan kilomita 1000 ce, wato kamar Kano zuwa Legas, amma a awa 4 muka yi ta, allon da ke saman ƙofa yana nuna gudun 300 a awa, shayin da na ajiye a kan tebur ko girgiza bai yi ba. Na tuna yadda muke kwana a hanyar Legas da shingayen bincike da addu'ar tsira a baki, na yi shiru kawai. Muka wuce Changsha, gonaki da duwatsu da dogayen gidaje waɗanda wasunsu ba a gama ba an bar su haka.

Sanyin Wuhan ba irin hunturunmu ba ne, mai danshi ne, shiga ƙashi yake. Ƙanena ya tarbe ni a tasha da wata ƙatuwar jaket, ya yi fari ya rame kaɗan, yana ganin ledar daddawa ya rungume ta kafin ya rungume ni. Ya kama min ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da makarantarsu yuan 180. Garin babba ne, kogin Yangtze ya ratsa shi, ya kai ni na ga tsohuwar gadar da aka buɗe a 1957, sama motoci ƙasa jirgin ƙasa, muka kuma ga tasi marar direba tana tafiya ita kaɗai a titi, sitiyari na juyawa ba kowa a kujera, na ce a'uzubillahi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ɗaliban jami'o'in garin nan kaɗai sun haura miliyan 1.

Washegari bayan asuba ya ce Yaya zo ka ga wani abu. Muka fita gari bai gama wayewa ba, sai ga layi a ƙofar laburare ya miƙe har ya sha kwana, yara maza da mata cikin manyan riguna, kowa da filas ɗin ruwan zafi a hannu ɗaya littafi a ɗaya, jira suke a buɗe su kama kujera. Waɗanda ba su samu ba sai matattakalar bene. Nan na ga abin da ya tsaya min a rai. Kowane hawa akwai mutum zaune a kan 'yar kujerar naɗewa, ya fuskanci bango, ya toshe kunnuwa da yatsu yana maimaita karatu da ƙarfi yana rangaji gaba da baya, sak almajiran tsangaya da asuba, bambancin kawai ba allo ba wutar kara. Wani yaro ya liƙa 'yar takarda a bangon gabansa ya rubuta adadin kwanakin da suka rage yana sokewa. Ƙanena ya ce kashi biyu ne, masu shirin jarrabawar shiga mastas da ake yi ƙarshen Disamba, da masu jarrabawar aikin gwamnatin tsakiya da za a yi ranar 1 ga Disamba. A shekarar mutum miliyan 3.4 aka tantance su zauna ta aikin gwamnati, guraben kuwa 39,700 ne kacal, wato wajen mutum 86 a kan kujera ɗaya. Ta mastas kuma masu rajista raguwa suke yi, daga miliyan 4.74 a 2023 zuwa miliyan 3.88 a zagayen 2025, domin yara sun fara gane ƙarin digiri ba ya ba da tabbacin aiki.

Da rana muka ci abinci a ɓangaren halal na ɗakin cin abincin makaranta, shinkafa da kaza da ganye yuan 12, tare da abokan karatunsa huɗu, da Turanci tsinto-tsinto da fassarar ƙanena muka yi hira mai tsawo. Na farkonsu, wanda aka ce ya fi kowa ƙoƙari a ajin, na ɗauka zai ce min Huawei ko Tencent, sai ya ce shi kamfanin lantarki na gwamnati yake so, a garinsu, kusa da iyayensa. Na ce ba manyan kamfanonin fasaha sun fi biya ba? Ya ce sun fi, ninki ma, amma aikin daga 9 na safe zuwa 9 na dare ne kwana 6 a mako, kuma da ka doshi shekara 35 sai a fara kallonka a matsayin tsohon kaya, in an sallame ka a lokacin ita ma gwamnati ta rufe ƙofa, don a lokacin da na je 35 ce iyakar shekarun zaman jarrabawar ga yawancin mutane. Ya ƙirga min a yatsu, uba da uwa, kakanni, in ya yi aure iyayen matar su ma, duk a wuyansa, saboda shi ɗan zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya ne. Ga kuɗin gida, wanda a can da wuya a ba ka mata ba ka da shi. Aikin gwamnati albashinsa bai taka kara ya karya ba amma akwai fansho da inshorar lafiya da tallafin sayen gida, kuma iyayen budurwa na jin sunan aikin suke sakin fuska. Na ce wannan kam har Kano haka ne.

Ta biyun mace ce, ita ta yi rajistar jarrabawar 1 ga Disamban, ta ce dole ta gwada bana tun tana da matsayin sabuwar mai kammalawa, saboda kusan kashi biyu cikin uku na guraben su aka ware wa, in shekarar ta wuce gasar ta ƙara zafi. Na ukun shi ne ya fi kama da ɗan Cainan da nake da shi a kaina, motoci masu lantarki da batura yake so, BYD ko makamancinsa a Shenzhen, ya ce zai yi shekara 10 yana ƙona kansa ya tara abin da zai tara sannan a ga abin da hali zai yi. Sauran suka yi ta zolayarsa wai gashin kansa zai zube kafin ya kai 30. Na huɗun ya yi shiru sai da aka kusa tashi ya matso ya tambaye ni yaya Najeriya take. Ashe shi Afirka yake hari. Ya san kamfanin CCECC ne ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna, ya san Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne da ke Shenzhen, ya ce wanda aka tura aiki waje yana samun alawus mai kauri kuma ba ya kashe komai a masauki da abinci, shekara 3 sai ka dawo da kuɗin ajiyar gida. Tambayoyinsa uku ne, zazzaɓin cizon sauro, masu garkuwa da mutane, da ko ana samun wuta. Na faɗa masa gaskiya iya abin da na sani ban rage ba, na ƙara da cewa in da ana samun wuta ai da ban zo garinku sayen fitila ba.

Akwai ranar da aka yi taron ɗaukar ma'aikata a babban ɗakin wasanni na makarantar, kamfanoni sun jera tebura, muka leƙa. Yara sun sha baƙaƙen kwat, wasu ka ga aro ne don hannun rigar ya wuce yatsu, kowa da tarin takardun neman aiki a cikin leda. Teburan kamfanonin gwamnati layi har waje, na ƙananan kamfanoni masu neman 'yan talla kuwa ma'aikacin na zaune yana danna waya. Ƙanena ya nuna min yadda ake tace takardun, ana fara duba ko jami'arka na cikin manyan da suke kira 985 da 211, in ba ta ciki sau da yawa ko intabiyu ba za a kira ka ba. Wato jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao, da yaro ya zauna a watan Yuni yana ɗan shekara 18, wadda sama da mutum miliyan 13 suka yi wa rajista a 2024, ita ke binsa har teburin neman aiki. A shekarar 2024 kaɗai mutum miliyan 11.79 suka kammala manyan makarantu. A watan Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin 'yan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin 100, gwamnati ta dakatar da fitar da alƙaluman na 'yan watanni, da ta dawo sai ta cire ɗalibai daga lissafin. Shi ya sa za ka ji wasu sun ce sun haƙura da tseren, sun koma gida suna kula da iyaye ana ba su ɗan kuɗin kashewa duk wata.

Ni ma fa na yi digiri, na yi bautar ƙasa, na yi shekaru ina yawo da fayil daga ofis zuwa ofis kafin in haƙura in shiga kasuwa, don haka fuskar yaran nan ba baƙuwa ba ce a wurina. Amma akwai bambancin da ba zan ɓoye ba. Su in suna maganar aikin gwamnati littafi suke nuna maka da ranar jarrabawa da makin da ake buƙata, sakamako ya fito kowa ya ga nasa. Mu kuwa tambayar farko ita ce wa ka sani, wane ɗan majalisa ne zai ba ka takarda, ko nawa ake sayar da gurbin. Ba wai na ce can babu alfarma ba, su ma da bakinsu sun ce sanayya na aiki musamman a ƙananan garuruwa, amma dai ɗan manomi na zama a matattakala yana haddace littafi saboda ya yarda akwai ƙofa. A ɗaya ɓangaren kuma na tausaya musu, don mu in aiki ya ƙi akwai kasuwa da dangi da ɗan'uwan da zai ɗora ka a shago ba wanda zai ce ka faɗi, su kuwa yaro ɗaya ne gida ya zuba wa komai, idon mutum 6, iyaye da kakanni, a kansa.

Daren ƙarshe ƙanena ya tuƙa tuwon garin shinkafa a kicin ɗin ɗalibai 'yan waje, aka kaɗa miyar kuka da daddawar nan, muka gayyato abokan nasa. Mai son zuwa Afirka ne kaɗai ya cinye nasa har ya nemi ƙari, muka ce to ka ci jarrabawar farko. Na tambayi ƙanena shi fa me yake shirin yi in ya gama, ya ce Yaya in na dawo gida wa zai ɗauke ni, gara in nemi ɗaya daga kamfanoninsu masu aiki a Najeriya tunda ina jin yaren. Na ce to sai ka yi wa Hajiya wannan bayanin da kanka, ita har yanzu lakcara take jira.

Komawa Guangzhou da duba kaya da biyan kuɗin kwantena duk sun tafi lami lafiya, in ban da ƙarin kuɗin nauyin jaka da na biya a filin jirgi. Na sauka Kano cikin hazo. A watan Janairu da sakamako ya fito ƙanena ya aiko min saƙo cewa yarinyar ajinsu ba ta kai makin intabiyu ba, ta koma laburare tana shirin jarrabawar aikin gwamnatin lardi da ake yi wajen watan Maris, mai tafintata kuma ta rubuto min a WeChat cewa ita ma ba ta samu ba, ta karɓi aikin talla a wani kamfanin fitilu a Guzhen kafin baɗi, tana tambaya ko zan ƙara oda kafin azumi.